Babi na Shida: Mai Mabuɗi

Ranar Litinin ce ta makon farko na sabon zangon karatu. Tun wajen ƙarfe bakwai da rabi na safe wayata ta fara ƙara, ba ta huta ba har azahar. Manhajar da muka gina wa wasu makarantun kuɗi a Kano, wadda suke karɓar kuɗin makaranta da fitar da sakamakon jarrabawa da ita, ta ƙi buɗewa. Iyaye na tsaye a ofishin akanta, shugabannin makarantu na kirana, wasu da lallami wasu da faɗa, mu kuma mu huɗu muna zaune a ofis muna kallon juna. Matsalar ba wata babba ba ce. Wa'adin takardar shaidar tsaron shafin ne ya cika cikin dare, sabunta ta kuwa ba ya cin minti goma. Sai dai babu wanda ya san kalmar sirrin shiga sabar, babu ma wanda ya san a ina aka yi rajistar sunan shafin. Wanda ya sani ya ajiye aiki makonni uku kafin nan, ya samu wani a Jamus, kuma a daidai wannan safiyar yana cikin jirgi.

Sai bayan isha'i muka same shi. Mutumin kirki ne. Daga filin jirgi, da jakarsa a gefe, ya zauna ya warware mana komai. Ban ga laifinsa ba a ranar, har yau ma ban gani ba. Shekara biyu ina alfahari da shi. Duk wanda ya tambaye ni yadda muke gama aiki da sauri haka, shi nake nunawa. In abu ya lalace da tsakar dare shi ake kira, in ana son ɗora sabon sauyi a kan sabar shi ke ɗorawa, kuma ban taɓa cewa ya rubuta yadda yake yi ba, don a ganina ɓata lokacin gwani ne. Ni na tara dukkan mabuɗan gidan na zuba a aljihun mutum ɗaya.

Masu wannan sana'a suna da wani lissafi mai ɗaci: mutum nawa ne a cikin tawaga, in mota ta buge su, aikin zai tsaya cik? In amsar ɗaya ce, kamfanin yana tafiya ne a kan siraɗi. Mu nan ba sai an kai ga batun mota ba, Allah ya kiyaye. Bizar aiki ta isa, haka rashin lafiyar mahaifi a ƙauye, haka aikin Hajji, haka wani kamfanin waje da zai biya da dala.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan cutar ƙananan kamfanoni ce. Akwai wata 'yar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda kusan kowace kwamfuta mai amfani da Linux take ɗauke da ita, ciki har da sabobin bankuna da na gwamnatoci. Shekaru da yawa mutum ɗaya ne ke kula da ita, Lasse Collin, kuma ba biyansa ake yi ba. A 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara aiko da ƙananan gyare-gyare masu kyau. Wasu kuma suka riƙa matsa wa Collin lamba cewa aikin na tafiyar hawainiya, ya nemi mataimaki. Ga gajiya, ga rashin lafiyar da shi da kansa ya ambata, a ƙarshe ya ba Jia Tan ikon shigar da sauyi. A farkon 2024 sai ga wata ɓoyayyiyar ƙofar baya a cikin sabon fitowar xz, wadda za ta ba mai ita damar shiga kwamfutocin mutane ba da izini ba. Abin da ya tona asirin shi ne wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata na'urarsa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi ƙyale abin har ya gano tushensa, ya sanar da duniya ranar 29 ga Maris, 2024. Mutum ɗaya da aka bari da kaya shi kaɗai ya kusa jefa duniya cikin bala'i, ba don mugunta ba, don gajiya.

Daga wannan Litinin ɗin na sauya abin da nake nema in zan ɗauki ma'aikaci. A da gwani nake nema, wanda zai ba ni mamaki a cikin minti talatin. Yanzu abin da nake son sani shi ne: in wannan mutum ya yi wata shida tare da mu sannan ya tafi, wani zai iya ɗorawa daga inda ya tsaya? In kuma ya ɓata abu, zai faɗa, ko sai mun gano da kanmu?

Tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa ba sa amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kamfanin Google ne ya yi suna da su, irin su ƙwallon golf nawa zai cika jirgin sama, ko gidan mai nawa ne a Manhattan, kuma kamfanoni da dama suka kwaikwaya. A 2013 shugaban sashen ma'aikatansu, Laszlo Bock, ya shaida wa jaridar New York Times cewa sun bi diddigin waɗanda suka ɗauka, sun gano tambayoyin ba sa nuna wanda zai iya aiki, amfaninsu kawai mai tambayar ya ji shi mai basira ne. Ya ce makin digiri ma, in mutum ya yi 'yan shekaru da gama makaranta, ba ya nuna komai. Abin da suka ga yana aiki shi ne tsararriyar ganawa: a yi wa kowane mai nema tambayoyi iri ɗaya, a kan abin da ya taɓa yi da hannunsa, kuma a shirya ma'aunin amsa tun kafin ya shigo. Sun kuma gano ganawa huɗu ta wadatar, abin da ya wuce haka wahalar da mutane ne kawai.

Tsararriyar ganawa tana da wani amfani a wajenmu da ya fi na Amurka. Kowa ya san yadda takarda ke zuwa daga babban mutum, ko kira daga kawu: ga yaron nan, ya karanta kwamfuta, a duba shi. Ƙin amsawa kai tsaye rashin kunya ne, amsawa kuma zalunci ne ga wanda ba shi da kowa. In akwai gwaji ɗaya da kowa ke bi, an samu mafita. Nakan ce, "Ranka ya daɗe, ya zo ranar Talata, zai zauna gwajin da kowa yake zama." Sau biyu irin waɗannan yaran sun ci gwajin da ƙarfinsu, ɗaya har yanzu muna tare. Waɗanda ba su ci ba kuwa, ina da takardar da zan nuna.

Ga yadda gwajin yake. Ba na sa mutum ya tsaya gaban allo ya rubuto kod daga ka, don babu ranar da aikinmu yake kama da haka. Nakan ba shi wani ƙaramin yanki na manhaja mai kama da tamu, wanda na san akwai matsala a ciki, misali lissafin ragowar kuɗin ɗalibi yana fitowa ba daidai ba in an biya kashi biyu a rana ɗaya. Nakan ba shi awa uku, da intanet, da izinin tambayar duk wanda ya ga dama a ofis, kuma ina biyansa kuɗin wunin ko da ba mu ɗauke shi ba. Kada ka sa mai neman aiki ya yi maka aikin mako guda kyauta da sunan gwaji. Cin gumi ne, kuma ƙwararrun da kake nema su ne za su fara juya maka baya. In ya gama, sai in nemi abu biyu: gyaran, da kuma ɗan gajeren bayani a rubuce ga abokin aikin da bai san komai game da matsalar ba.

Bayanin nan nake fara karantawa kafin kod. Akwai wanda zai gyara matsalar cikin minti arba'in, bayaninsa kuma kalma uku ce. Akwai wanda ba zai ƙarasa ba, amma zai rubuta inda ya duba, abin da ya zata da farko, dalilin da ya sa ya bar wannan zaton, da inda yake ganin matsalar take. Na biyun nan in ya yi tafiya gobe, aikinsa bai tafi da shi ba. Ina kuma lura da ko ya yi tambaya. Wanda ya shafe awa biyu a maƙale, ga mutane a gefensa an ce ya tambaye su, bai buɗe baki ba, haka zai yi ranar da kuɗin jama'a ke zuba.

Sai tambaya ta ƙarshe, wadda nake yi wa kowa: ba ni labarin ranar da ka lalata wani abu. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Wanda ya ce bai taɓa ba, ko dai bai yi aiki mai yawa ba, ko ba ya son faɗa. Wanda labarinsa ya ƙare a kan laifin wani, na ji abin da nake son ji. Wata matashiya da ta gama bautar ƙasa ta taɓa amsa mini da cewa, "Yallaɓai, na taɓa goge makin aji guda a makarantar da na yi hidima. Na je na faɗa wa shugaban makaranta kafin ya ji a bakin wani, muka kwana biyu muna sake shigarwa daga takardu, daga nan na roƙa a bar ni in riƙa ajiye kwafi duk Juma'a." A ranar na yanke shawarar ɗaukarta.

To amma ɗaukar mai faɗin gaskiya ba shi da amfani in gidan da ya shigo ana dukan mai faɗin gaskiya. A nan ne nake ganin labarin GitLab ya cancanci kowane shugaban tawaga ya san shi. GitLab kamfani ne da dubban masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu a wajensa. A daren 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyansu da ya daɗe yana fama da wata matsala, ga dare ya yi ga gajiya, ya ba da umarnin goge rumbun bayanai. Nufinsa ya goge na sabar ta biyu, ashe a kan babbar sabar yake. Kafin ya farga ya tsayar, daga kusan gigabait 300 saura ƙasa da 5. Suka juya ga kwafin ajiya. Hanya biyar suke da ita ta ajiye kwafi, babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Ɗaya daga ciki ta daɗe da daina aiki saboda saɓanin fitowar manhaja, saƙon gargaɗin da take aikawa kuma ba ya isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin lamarin. Bayanan waɗannan awa shida sun tafi har abada.

Abin da kamfanin ya yi bayan haka shi ne darasin. Injiniyan ya faɗi abin da ya yi nan take. Suka sanar da jama'a, suka buɗe takardar da suke rubuta matakan gyara kowa na gani, har suka haska aikin kai tsaye a YouTube. Ba su kore shi ba. Rahoton da suka fitar daga baya bai tsaya a kan wane ne ya danna ba, ya tsaya a kan me ya sa sabobin biyu suka yi kama har mai gajiya zai rikita su, kuma me ya sa ba a ɗora wa kowa alhakin gwada kwafin ajiya ba. Da sun kore shi, da sun rasa mutum ɗaya tilo a kamfanin da ba zai sake yin wannan kuskuren ba, sauran kuma su koyi cewa in ka ɓata abu, ka yi shiru.

Kwatanta da Knight Capital, wani kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka. A ƙarshen Yulin 2012 wani ma'aikacinsu ya ɗora sabon kod a kan sabobi takwas, ya tsallake ɗaya bai sani ba. Babu ƙa'idar cewa mutum na biyu ya duba. A kan wannan sabar akwai wani tsohon kod da aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a cire ba, sabon sauyin kuma ya tashe shi daga barci. Safiyar 1 ga Agusta, kafin a buɗe kasuwa, na'urar ta aika saƙon imel 97 masu nuna akwai matsala, ba wanda ya ɗauki mataki. Cikin minti 45 da buɗe kasuwa kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 440, kuma bai sake tsayawa da ƙafarsa ba sai da aka haɗe shi da wani. Ma'aikacin ya yi kuskuren da kowa zai iya yi. Abin da babu shi ne ido na biyu.

Shi ya sa a wajenmu babu kod ɗin da ke shiga sai wani ya karanta, har nawa. A nan al'adarmu takan ba da wahala, kuma gara a faɗa. An tarbiyyantar da mu kada yaro ya gyara wa babba magana a gaban mutane, kuma tarbiyya ce mai kyau a zaure. A gaban kod kuwa tana iya cinye kamfani. Na sha ganin ƙaramin ma'aikaci ya hango kuskure a aikin Oga, ya danna amincewa, daga baya in abu ya fashe ya ce ai ya gani, nauyi ya ji. Faɗa masa cewa ya daina jin nauyi ba ya aiki. Abin da na ga yana aiki shi ne babban ya fara: ya miƙa aikinsa ga mafi ƙanƙanta ya ce, "Duba mini, na san akwai abin da na manta," in an gano kuma ya yi godiya a gaban kowa. Sannan a riƙa yin gyaran a rubuce, a kan layin kod ɗin, da sigar tambaya. Wanda ba zai iya kallon idon Oga ya ce ka yi kuskure ba, zai iya rubuta, "Me zai faru a nan in ɗalibin ba shi da aji?"

Farfesa Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta ci karo da wannan tun a shekarun 1990, lokacin da take nazarin kurakuran ba da magani a asibitoci. Ta zata sassan da suka fi kyawun shugabanci za su fi ƙarancin kuskure a rubuce, sai ta tarar su ne suka fi yawa. Ba wai sun fi yin kuskure ba ne, sun fi faɗa ne. Da Google suka yi nazarin tawagoginsu 180 daga 2012, abin da ya fito a kan gaba wajen bambanta tawaga mai kyau shi ne wannan kwanciyar hankalin yin magana ba tsoron wulaƙanci, ba tarin gwanaye ba.

Akwai jarabar da ke zuwa wa duk shugaban da aiki ya makara a hannunsa: a ƙaro mutane. Mun taso muna jin hannu da yawa maganin ƙazamar miya, kuma a noma ko ɗaukar jinka haka ne. Fred Brooks, wanda ya jagoranci gina manhajar OS/360 a kamfanin IBM, aikin da a wani lokaci mutum sama da 1,000 ke kansa, ya bayyana a littafinsa The Mythical Man-Month na 1975 dalilin da ya sa a manhaja abin yake juyewa. Sabon zuwa sai an koya masa, masu koyarwar kuma su ne waɗanda aikin ke hannunsu. Sannan hanyoyin magana suna ninkuwa fiye da yawan mutane: tsakanin mutum 5 akwai hanya 10, tsakanin 10 akwai 45, tsakanin 50 akwai 1,225. Ƙaramar tawaga kuwa tana iya ɗaukar babban aiki: lokacin da Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 a kan dala biliyan 19, ma'aikatansa 55 ne, masu amfani da shi kuwa miliyan 450. In aiki ya makara, rage abin da aka yi alkawari ko ɗaga ranar miƙawa ya fi sauƙi. Ɗaukar ma'aikata kuma a yi shi lokacin da ake da sarari, ba ranar da gobara ta tashi ba.

Wannan ya kawo ni ga sababbin hannu. Kowa ƙwararre yake nema, kaɗan ne ke son renon wanda zai ƙware. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a 2014 da niyyar horar da matasan Afirka aikin manhaja, ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Uganda a Satumban 2019, ya ce kasuwa manya take nema. Na fahimci lissafinsu, amma ƙaramin kamfani a Kano ko Kaduna ba zai iya bin wannan hanyar ba, don ba zai iya gasar albashi da mai biyan dala ba. Abin da muke da shi shi ne abin da 'yan kasuwar Kantin Kwari suka daɗe da sani. Yaron shago yakan fara da shara da ɗauko kaya daga sito, a hankali a bar shi da ciniki, a bar shi da aljihun kuɗi, wata rana maigida ya yi tafiya ya bar masa shagon, a ƙarshe a sallame shi da jari. Maigidan kirki ya san yaron zai tafi, kuma bai fasa koya masa ba, don kafin ya tafi ya riga ya koya wa na bayansa. Wanda na rena ya tafi Turai ba asara ba ne muddin ya bar mutum biyu da suka san abin da ya sani. Wasu daga cikinsu ma su ne suke turo mana aiki yanzu.

Bayan waccan Litinin mun zauna mun rubuta komai: inda kowane asusu yake, ranar da kowane wa'adi ke cika, matakan ɗora sauyi ɗaya bayan ɗaya. Kalmomin sirri suka koma ma'ajiyar da mutum uku ke iya buɗewa. Duk farkon wata mukan ɗauko kwafin ajiya mu mayar da shi a kan wata sabar ta daban, mu tabbatar yana buɗewa. Muka kuma daina ɗora sauyi ranar Juma'a, muka mai da shi Alhamis da safe, kuma wanda ya fi kowa sabunta a ofis shi ke yi, yana bin takardar, babba na zaune a gefensa ba ya taɓa madannai.

Alhamis ta uku da zuwan matashiyar nan da ta taɓa goge makin aji, layi ya zo kanta. Ta bi matakan har zuwa na bakwai, sai ta tsaya. Ta ce, "Yallaɓai, takardar ta ce a sake kunna manhajar, amma ba ta ce a kan wace sabar ba, kuma guda biyu ne." Mu uku da muka rubuta takardar duk mun san wacce ake nufi, shi ya sa babu wanda ya lura ba a rubuta ba. Na faɗa mata. Ba ta ci gaba ba sai da ta buɗe takardar ta ƙara layin, ta sa sunan sabar da manyan baƙaƙe, ta tura wa na kusa da ita ya duba, sannan ta koma mataki na takwas.